Maiwada Mai Gadin Iska

Duk wanda ya ci kasuwar Ajingi a shekarun farko na samun mulkin kai ya san rumfar Maiwada mai liƙi, ko da bai riƙe sunansa ba. Tana can bayan 'yan gyaɗa, a gindin wata tsamiya, kuma tun daga nesa ƙaurin dalma da gawayi zai yi maka jagora. Mutumin Toranke ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, wanda doguwar magana ke gajiyar da shi fiye da huɗa. Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da gyaɗa a gonar gado. Da rani kuwa sai ya ɗaure akwatin kayan aikinsa a bayan keke, ya bi kasuwanni yana toshe duk abin da ke yoyo: bokiti, garwa, buta, tankin fitilar ƙwai. In ya liƙe wuri, wurin ya liƙu ke nan. Garwa tana iya ɓulewa ta ko'ina, ban da inda Maiwada ya taɓa sa hannu. Matarsa Hure takan ce wannan gwanintar tasa ce ta hana su ci gaba, tun da ba mai dawowa sau biyu da abu ɗaya.

Wata ranar kasuwa bayan ƙaramar Sallah, a shekarar 1968, wani mutum mai wando da shat da tabarau ya tsugunna a gaban rumfar, riƙe da tsohuwar fitila. Ya juyo gindinta sama ya nuna wani ɗan layi mai ƙyalli.

"Malam, kai ka yi wannan liƙin?"

Maiwada ya karɓa ya duba, ya gane hannunsa. "Ni ne. Yoyo take yi?"

"Ko kaɗan. Shi ya sa na zo."

Baƙon ya ce sunansa Gana, ɗan Goni na Gaya, kuma fitilar ta mahaifiyarsa ce, Hajiya Yagana. Maiwada ya san gidan, Barebari ne 'yan kasuwa da suka daɗe a garin har ba mai tuna zuwansu. Ya kuma taɓa jin labarin ɗansu da ya tafi Ingila karatu ya dawo ana ce masa Dokta, amma ba ya duba marasa lafiya, abin da ya ɗaure wa dangi kai ƙwarai. Dokta ya ce yana koyarwa a wata kwalejin kimiyya can yamma da Kano, kuma ya dawo da wata na'ura da yake son ci gaba da bincike da ita. Mutumin da ke yi musu aikin ƙarfe a kwalejin ya kwashe iyalinsa ya tafi gida tun tashin hankalin da aka yi shekara biyu baya, bai dawo ba. Tun daga lokacin na'urar ke yoyo.

"Me take zubarwa?" in ji Maiwada.

"Ba zubarwa take ba. Sha take yi. Iska ce ke shiga, mu kuma ba ma son ta shiga. Ka tsare kalanzir shekara shida a fitilar nan. Za ka iya tsare iska?"

Maiwada ya daɗe yana kallonsa, don ya tabbatar ba zolaya ba ce. Da ya ga mutumin da gaske yake, sai ya ce shi bai taɓa jin wanda iska ta yi wa laifi a cikin gwangwani ba, amma zai je ya gani. Sharaɗinsa guda ne: ranar da aka yi ruwan shuka a Toranke, ko ana tsakiyar me, zai ajiye ya tafi. Dokta ya yarda da sauri, irin yardar wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

Na'urar da ya tarar wani bututun tagulla ne, tsawonsa kamar taɓarya, kaurinsa kamar cinyar ƙato, kwance a kan tebur, wayoyi da siraran bututan gilashi sun fito daga jikinsa ta ko'ina. A ƙarƙashin teburin wani famfo yana ta tuf-tuf-tuf yana zuƙe iskar da ke ciki. A gefe akwai wani dogon gilashi mai zaiba, ruwan ƙarfen nan mai ƙyalli, da wani agogo mai allura ɗaya. In an zuƙe iskar sarai, zaibar takan tsaya a wani zane, allurar ta kwanta. In akwai ɓula ko da ba ta kai bakin allura ba, sai su fara motsi.

Dokta ya yi masa bayani da haƙuri. Ya ce wutar lantarki ba ruwa ba ce, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ake kira ilektiron, waɗanda ba idon da ya taɓa ganinsu. Idan an kwashe iskar waje daga bututun, sai a sako 'yar wata iska tsabtatacciya guda ɗaya tak daga tukunyar ƙarfe, sannan a saki ƙwayoyin daga wannan kai, a auna lokacin da za su ɗauka su isa wancan kai.

"Ka ɗauka ranar kasuwar Ajingi ce," in ji shi, "ka aiki mutum daga 'yan gyaɗa zuwa 'yan awaki. Ba zai miƙe ɗoɗar ba. Zai yi karo da wannan, ya kauce wa wancan, wani ya mai da shi baya. In ka san lokacin da ya ɗauka, za ka iya gane yawan mutanen kasuwar da irin yadda suke tare hanya, ko da ba ka je ba. To, iskar ita ce 'yan kasuwar. Kowace iska da irin tare hanyarta."

Maiwada ya yi tunani ya ce, "In ya tsaya gaisuwa fa?"

Dokta ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce wallahi akwai wannan ma, don iskar da muke shaƙa tana da wani sashe da in ƙwayar ta haɗu da shi, riƙe ta yake yi ba ta ƙara gaba. Shi ya sa ba a son ta shiga. Daga ranar Maiwada ya sa wa ƙwayoyin suna 'yan aike, har ɗaliban Dokta suka ɗauka.

Aikin ya fi ƙarfin abin da ya sani. A kasuwa, kumfar sabulu ce ke nuna masa ɓula, don abin ciki ne ke fitowa. A nan kuwa abin waje ne ke shiga, ba kumfa, ba ɗigo, ba sauti. Dokta ya koya masa shafa sifirit a mahaɗai yana kallon allura: in ta yi tsalle, nan ne. Maiwada ya ga audugar da ake shafawa da ita tana jiƙa wuri da yawa, sai ya koma amfani da gashin zabo, yana bin kowane layi a hankali kamar mai yi wa amarya lalle. Wata ɓular ya kwana goma sha ɗaya yana nemanta. Da ya same ta ya toshe, allurar ta kwanta kwanciyar da Dokta ya ce ko a Ingila bai ga irinta ba. Maiwada ya ji wani daɗi da bai taɓa ji a kan garwa ba, ya kuma ji kunyar daɗin, don in aka ce ya nuna abin da ya yi, ba shi da abin nunawa.

Da aka yi ruwan shuka ya ajiye gashin zabonsa ya tafi, Dokta yana biye da shi har bakin ƙofa yana roƙon ƙarin mako guda. Bai ƙara ko yini ba. Haka suka riƙa yi kowace shekara: da rani a auna 'yan aike, da damina Dokta ya zauna ya yi lissafi yana jiran a yanke gero.

A Toranke kuwa, bayani ne ya gagara. Surukinsa Baba Badaru, mahaifin Hure, ya tare shi a zaure ya ce, "Yanzu kai Maiwada, tsakaninka da Allah, mene ne aikinka a can?"

"Baba, wani bututu ne nake tsarewa kada iska ta shiga."

"Me ke cikin bututun?"

"Ba komai, Baba. Shi ake so."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce shi dai ya san mai sana'a ya bai wa 'yarsa, bai san daga baya za a koma aikin iska ba. Maganar ta fita daga zauren, kafin ta kai ƙauyen Balan ta sake kama. Aka ce Maiwada ya je birni ya koyi kulle iskoki a cikin tagulla, har yana da 'yan aike da ba a gani. Wata safiya ya fito zai tafi gona ya tarar da wasu mutane uku sun kawo ɗan'uwansu a kan jaki, wai iska ta buge shi a gindin kuka. Maiwada ya rantse musu shi ba irin wannan iskar yake aiki da ita ba. Suka kalli juna, don an riga an gaya musu masu abin na gaske ba sa amsawa. Hure ta dama musu fura suka sha suka koma. Bayan mako biyu mutumin ya warke, dama zazzaɓi ne. Daga nan ba abin da Maiwada zai faɗa a yarda.

A ƙarshen 1972, da rani, wani baƙin kakin liƙi da ake sayowa daga waje ya ƙare. Akwai mahaɗa guda inda gilashi ke shiga tagulla, wadda ba a sa mata dalma don zafi zai fasa gilashin, sai dai a liƙe da wannan kakin. An aika a kawo wani, aka ce yana cikin jirgin ruwa, jirgin kuma yana layi. Mahaɗar ta fara shan iska, aiki ya tsaya, Dokta ya riƙa zagaya teburin kamar mai jiran haihuwa. Maiwada yana da amyar zuma biyu a kan wata ɗorawa a gonarsa, kuma a cikin akwatinsa akwai curin kakin zuma da yake goge zare da shi. Ya narka kaɗan, ya gauraya da baƙin tukunya don ya yi kama da na da, ya liƙe. Allura ta kwanta. Bai faɗa wa kowa ba. Ba ɓoyewa ya yi niyya ba, shi dai a sana'arsa ba a tambayar mai liƙi da me ya liƙe, yoyo kawai ake tambaya.

Mako biyu bayan haka Dokta ya fara ganin abin mamaki. 'Yan aike suna isa da wuri. Iskar da suke aunawa a lokacin, naitirojin, Turawa sun riga sun auna ta sun rubuta a littafi, kuma shekara huɗu lambobin Dokta suna bin nasu. Yanzu sun rabu. Ya sake aunawa, ya canza tukunyar iska, ya canza wayoyi, ya sa ɗalibai su auna ba ya nan. Kullum da wuri suke isa.

"Malam Maiwada," Dokta ya ce wata rana, "ka san abin da nake zato? Bututunmu ya fi nasu tsabta. Liƙinka ne. Muna ganin abin da su ba su iya gani ba."

Ya rubuta wa tsohon malaminsa a Ingila. Shugaban kwalejin ya kawo baƙi su ga na'urar, aka nuna musu Maiwada, aka tafa masa. A Gaya Hajiya Yagana ta sa aka soya waina aka raba sadaka, don ɗanta ya gano wani abu, ko da yake ba ta iya faɗin ko mene ne ba. Dokta ya yanka rago. Maiwada ya ci naman, amma bai ji ɗanɗanonsa ba, saboda shi ya lura da abin da ba ya cikin lissafi: 'yan aike sun fi sauri bayan azahar, lokacin da rana ke dukan tagar ɗakin, lokacin da kaki ke yin laushi in ka danna shi da farce.

Ya riƙe abin a ciki har damina. Daminar 1973 ce, wadda ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri. Sun yi shuka sau uku. Wata rana da hantsi suna tsaye a gona shi da Hure, suna kallon gero ya naɗe ganye, sai ya ba ta labarin duka.

"Ya tambaye ka da me ka liƙe?" ta ce.

"Bai tambaya ba."

"To, ba ka yi ƙarya ba." Ta karya wani busasshen kara ta jefar. "Amma ni dai, Malam, in ka liƙe mini garwa da tuwo, ina so in sani kafin in cika ta in ɗora a ka in shiga cikin mutane."

Da yake ba abin girbi a shekarar, ya koma kwalejin tun kafin lokacinsa. Ya tarar Dokta ya gama rubuta takardar da zai aika a buga, shafi ashirin da wani abu, tana kan tebur. Maiwada ya cire hula, abin da bai saba yi a ɗakin ba.

"Dokta, ranka ya daɗe, akwai maganar da ya kamata in faɗa tun bara."

Ya faɗa. Da ya gama, sai Dokta ya sunkuya ya kankaro kakin da farce, ya murza, ya kai hanci.

"Zuma," ya ce.

"Ta Toranke ce, ranka ya daɗe. Mai kyau ce."

"Na ji ƙanshinta." Ya zauna a kan kujera. "Shekara guda, Malam Maiwada. Na gaya wa malamina. Na gaya wa uwata." Sannan ya ci gaba kamar da kansa yake magana: kakin bai gama rabuwa da damshi da zuma ba, in ya ji ɗumi sai ya riƙa sakin tururi a cikin bututun, ɗan kaɗan, wanda allura ba za ta damu da shi ba amma 'yan aike za su ji. "Ashe ba naitirojin nake aunawa ba. Gonarka nake aunawa."

Kwana tara bai yi masa magana ba sai ta bakin ɗalibai. Maiwada ya ɗaure akwatinsa yana jiran sallama. A rana ta goma Dokta ya shigo da wani ƙunshi, ashe baƙin kakin ya iso tun watanni uku, yana sito ba wanda ya faɗa. Ya ajiye a gaban Maiwada ya ce, "Kankare naka. Amma kada ka zubar, ina son sa."

Suka wanke bututun, suka gasa shi kwana huɗu, suka liƙe da kakin Turawa. 'Yan aike suka koma isa a kan lokaci, daidai da littafi, ba gaba ba baya. Sannan Dokta ya sa aka mai da kakin zuman da gangan, suka auna bambancin. Takardar da ta fito a ƙarshe shafi uku ce. Rabinta na cewa sun sami abin da kowa ya samu, rabinta na gargaɗin masu irin wannan aiki cewa tururin da bai kai a gani a allura ba yana iya ɓata awo. Malamin Ingila ya rubuto cewa wannan rabin na biyu shi ne abu mafi amfani da Gana ya taɓa yi. Dokta ya karanta wasiƙar sau biyu, ya ninke, ya sa a aljihu. A ƙasan takardar, da ƙananan baƙaƙe, an yi godiya ga wani Mista M. Wada. Da aka karanta wa Maiwada, ya ce shi bai san mai wannan suna a Toranke ba, amma Allah ya saka masa.

A 1976 gwamnati ta kira Dokta ta ba shi babban ofis a wata ma'aikata a Kano, mai kula da gine-gine. Ya ce shekara ɗaya kawai zai yi ya dawo. Kafin su rabu suka zuƙe bututun sarai, Maiwada ya bi kowace mahaɗa da gashin zabo sau biyu, ya ɗaure makullan da ke toshe bakunan bututun, aka kashe famfo, aka lulluɓe na'urar da zane. Maiwada ya koma Toranke. A kasuwar Ajingi ya tarar bokitin roba ya shigo, ja da shuɗi da kore, ba ya tsatsa, in ya fashe kuma jefarwa ake yi. Ya zauna ranakun kasuwa uku a gindin tsamiya ba wanda ya tsugunna gabansa sai masu neman maganin iska. Daga nan ya koma bakin tasha ya kama facin taya.

Shekara uku bayan haka ya tuna ya bar wani ƙarfen liƙi na mahaifinsa a kwalejin, ya shirya ya tafi ɗaukowa. Ɗakin ya zama sito. Mai riƙe da makulli, wani Bubayero, ya buɗe masa, suka ratsa tsakanin karyayyun kujeru. Maiwada ya sami ƙarfensa a aljihun tebur. Har ya juya, sai ya ɗaga zanen. Zaibar tana nan tsaye a kan zanenta, inda suka bar ta. Ya goge gilashin da hannun riga, ya ƙwanƙwasa da farce ko maƙalewa ta yi. Ta yi rawa ta koma wurinta.

"Malam Bubayero, zo ka gani. Shekara uku. Bai sha ba."

Bubayero ya leƙa. "Me ke ciki?"

"Ba komai."

"To, madalla. Dama mako mai zuwa za a fitar da shi, ana son ɗakin."

Maiwada ya roƙe shi in za a ɗauka kada a taɓa makullan bututun. Bubayero ya ce in ba komai a ciki, me zai zube? Maiwada ya buɗe baki zai fara daga kasuwar Ajingi, sai ya fasa, ya mai da zanen yadda yake.

A hanyar komawa ya sauka a Kano ya nemi ofishin Dokta. Ya zauna a kan benci daga hantsi har aka kira la'asar, masu manyan riguna suna shiga suna fita da naɗaɗɗun takardu. Masinja ya ce maigida yana taro, bayan wannan kuma akwai wani. Motar Gaya ta ƙarshe ba ta jiran kowa, ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, shi kuma bai gama sharar gona ba. Ya miƙe ya saɓa jakarsa.

"In ya fito, ka ce masa Maiwada na Toranke ya zo. Ka ce bai yi yoyo ba."

"Mene ne bai yi yoyo ba?"

"Zai gane."

Masinjan ya ce to, ya juya ga wani mai babbar riga da ya shigo. Maiwada ya sami wuri a bayan mota, tsakanin buhunan taki. Ruwan bai sauko ba sai da suka wuce Wudil, kuma washegari da sassafe shi da Hure suka fita shuka.